Yadda Sashen Zayyana Zai Karrama Ɗalibansa da Suka Ci Lambar Yabo ko Tallafin Karatu

A yawancin jami'o'inmu, ranar bikin yaye ɗalibai ce kaɗai ake ambaton wanda ya yi zarra a sashensu. A karanto suna, a yi tafi, a wuce na gaba. Ga ɗalibin lissafi ko na shari'a wataƙila hakan ya wadatar, tunda makinsa ne shaidarsa. Amma ɗalibin zayyana, wanda ya shafe shekaru yana kwaɓa yumɓu, ko yana zaune gaban masaƙa, ko yana fama da zanen kwalin kaya a kwamfuta har dare ya raba, shaidarsa ita ce abin da hannunsa ya ƙera. In aka karrama shi ba tare da mutane sun ga aikin ba, kuma ba a bar masa wata takarda da zai ci moriyarta gobe ba, to da sauran aiki.

Wannan jagora ta shugabannin sashe ce, da jami'an jarrabawa, da shugabannin ƙungiyar ɗalibai, a wuraren da ake koyar da zayyanar masana'antu irin su Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci, da Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Sassan tsara gine-gine da na zane-zane ma za su iya ɗaukar abin da ya dace da su.

Mataki na farko: ku tantance abin da kuke karramawa

Kafin a yi maganar zaure da kujeru, ku zauna ku rarraba nasarorin, domin ba iri ɗaya ba ne, kuma cakuɗa su yana rage wa kowanne daraja.

Akwai nasarar maki. A ma'aunin maki biyar da mafi yawan jami'o'in Najeriya ke bi, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50 zuwa 5.00, daraja ta biyu babba daga 3.50 zuwa 4.49, daraja ta biyu ƙarama daga 2.40 zuwa 3.49. Wannan ba ya buƙatar gardama, takarda ce ke magana. Akwai kuma nasarar situdiyo, wato aikin da ya fi kowanne a ɓangaren tukwane da tangaran, ko saƙa da rini, ko zanen bugu. Sai nasarar waje: ɗalibin da aikinsa ya shiga gasa kamar Life In My City da ake yi a Enugu tun 2007, ko gasar ɗalibai ta iF a Jamus, ko New Blood ta D&AD a Landan. Sai kuma tallafin karatu, daga hukumar tallafin karatu ta tarayya, ko ta jiha, ko wata gidauniya, ko wani kamfani.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a kauce masa. Kuɗin NELFUND, wato asusun bai wa ɗalibai rancen karatu na gwamnatin tarayya, wanda aka sa hannu a dokarsa a watan Afrilun 2024, lamuni ne, biyansa za a yi, ko da yake ba ruwa a kansa. Ba kyauta ba ce da aka ci da ƙwazo, saboda haka ba shi da gurbi a jerin karramawa, kuma kiran sunan mai shi a bainar jama'a tona masa asiri ne kawai. Haka nan ku bambanta ɗan alawus ɗin da wasu jihohi ke bai wa duk ɗan jiha da ya cika fom, da tallafin da sai an yi jarrabawa ko an tace kafin a samu. Na biyun ne ake karramawa.

Mataki na biyu: a rubuta ƙa'ida tun farkon zango

Wannan shi ne matakin da ake yawan tsallakewa, kuma daga nan tsegumi ke tasowa. Idan sai bayan an ga sakamako aka zauna ana tsara yadda za a zaɓi gwani, ko an yi adalci ba za a yarda ba. Za a ce ɗan gidan malam wane ne. Ku rubuta ƙa'idar a shafi guda, kwamitin sashe ya amince da ita, a manna ta a allon sanarwa, a tura ta zaurukan WhatsApp na kowane aji tun makonnin farko.

A ra'ayina, kada kyautar sashen zayyana ta dogara ga jimillar maki kaɗai. Jimillar maki ta haɗa darussan gama-gari da na tarihi da na nazari, kuma duk suna da muhimmanci, amma sau da yawa za ka tarar da ɗalibar da ke da 3.70 wadda zanenta na atamfa ya fi na mai 4.60 nesa ba kusa ba. Mafita ita ce a yi kyauta biyu: ɗaya ta maki, wadda jami'in jarrabawa zai fitar da mai ita daga sakamakon da majalisar jami'a ta amince da shi, ɗaya kuma ta aikin situdiyo, wadda alƙalai za su zaɓa.

Alƙalan su zama uku ko biyar don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. A sa malami daga wani ɓangaren da ba na ɗalibin ba, a sa mai jarrabawa na waje wanda dama yakan zo duba ayyukan 'yan ajin ƙarshe, sannan a sa mutum ɗaya daga kasuwar sana'ar: mai maɗaba'a, ko mai kamfanin ɗinki, ko gogaggen marini. Irin wannan mutum yana ganin abin da malami ba ya gani. Zai ɗaga ƙyalle ya duba bayansa, ya murza gefe da yatsa ya ga ko launi na zuba, ya tambayi nawa za a kashe in za a yi yadi ɗari. Malamin da ya duba aikin ɗalibi kuwa ya janye daga ƙuri'a idan an zo kan ɗalibin nasa. A rufe sunaye, a sa lamba a jikin kowane aiki.

Abubuwan da za a auna a faɗe su ƙarara: sabuntar tunani, tsabtar aiki, ko abin yana biyan buƙatar da aka yi shi dominta, da yadda aka bi aka kai ga shi. Wannan na ƙarshe yana nufin a duba littafin zane-zanen gwaji da samfuran da suka lalace a hanya. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke fitar da hoto mai kyau cikin daƙiƙoƙi, littafin gwaji ne ke nuna wanda ya yi tunani da kansa. Idan an yarda a yi amfani da irin waɗannan manhajoji, a rubuta iyakarsu a cikin ƙa'idar.

Mataki na uku: tattarawa da tabbatarwa

Ɗalibai da dama suna samun tallafi ko su ci gasa sashe bai sani ba. Wasu kunya ce, wasu gudun baki, wasu kuma ba su ɗauka akwai wanda ya damu ba. Ku fitar da fom ɗan gajere, na takarda da na intanet, mai neman suna kamar yadda yake a rajista, lambar ɗalibi, aji, sunan kyautar, wanda ya bayar, shekara, da kwafin wasiƙar. Wakilan aji su bi mutane ɗaya bayan ɗaya, musamman waɗanda suka tafi horon masana'antu na SIWES, don su ne aka fi mantawa da su.

Daga nan sai tabbatarwa, kuma kada a yi sassauci. Hoton allon waya ba hujja ba ne. A nemi asalin wasiƙar, a duba jerin sunayen da masu gasar suka wallafa a shafinsu, in ya kama a rubuta musu. A kuma lura da matakin da ɗalibi ya kai: shiga jerin waɗanda aka tace daban, zama na ɗaya daban, kuma a faɗi kowanne yadda yake. Akwai kuma masu sayar da lambar yabo, waɗanda ke turo saƙo cewa an zaɓe ka amma sai ka biya kuɗin kambu da na liyafa. Sashe ya yi hattara kada ya ɗora sunansa a kan irin wannan. Ga sakamakon jarrabawa kuwa, a jira majalisar jami'a ta amince tukuna. Sanar da mutum a matsayin mai daraja ta ɗaya sannan daga baya maki ya sauko zuwa 4.48 abin kunya ne ga kowa, kuma ɗalibin ne zai fi jin ciwon.

Mataki na huɗu: a nemi yardar mai abu

Kafin suna ko hoto ya hau Facebook ko allon sashe, a tambayi ɗalibi a rubuce. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki suna da hoto da sakamakon mutum a matsayin bayanansa, kuma ko ba doka, mutunci ya buƙaci haka. Wata ɗaliba za ta yarda a sa aikinta amma ba fuskarta ba. Wani zai yarda a ce ya samu tallafi amma ba ya so a faɗi adadin kuɗin, saboda ya san da zarar an ji, buƙatun 'yan uwa da abokai za su yi masa rubdugu. Shawarata ita ce kada a taɓa faɗin adadi. Idan kuma tallafin na marayu ne ko na masu ƙaramin ƙarfi, a ambaci ƙwazon ɗalibin, a bar halin gidansu.

Mataki na biyar: a kare zayyanar kafin a baje ta

Wannan ya keɓanta da masu zayyana, kuma rashin saninsa na iya jawo wa ɗalibi asara a daidai ranar da ake murna da shi. Dokar mallakar ƙirƙira da zayyana ta Najeriya ta 1970 ta ce ba a yi wa zayyana rajista sai in sabuwa ce, kuma zayyanar da aka riga aka fitar wa jama'a kafin a nemi rajista ta daina zama sabuwa. Dokar ta yi rangwame guda: idan mai zayyanar ya nuna ta a baje koli na hukuma ko wanda hukuma ta amince da shi, yana da wata shida ya shigar da takardunsa. Rajistar tana aiki shekara biyar, ana kuma sabunta ta sau biyu, jimilla shekara 15. Ofishin rajistar yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya a Abuja.

Abin da wannan ke nufi a aikace shi ne, idan ɗalibi ya ƙera wani sabon fasalin murhu, ko kujera, ko zanen atamfa da ake ganin zai yi kasuwa, kada a yi gaggawar watsa hotunansa. A kai shi ofishin jami'a mai kula da haƙƙin ƙirƙira, in akwai, ko wurin lauyan da ya san fannin, a yanke shawara tukuna. A kuma duba abin da tsarin jami'ar ya ce game da mallakar aikin ɗalibi, a faɗa masa tun da wuri. Ba kowane aiki ne ke buƙatar rajista ba, mafi yawa ma ba sa buƙata. Amma ɗaya ko biyun da ke buƙata, su ne waɗanda ɗalibi zai iya cin abinci da su shekaru masu yawa.

Mataki na shida: baje kolin

Nan ne zuciyar karramawar, kuma nan ya kamata mafi yawan ƙarfi da kuɗi su tafi. Gani ya kori ji.

Ba sai an kama babban zaure ba. Situdiyo da aka share, aka yi wa bango farin fenti, ya isa. Kowane ɗalibin da za a karrama a ba shi gurbinsa, kada a cunkusa. Hotuna da zane-zane a rataye su tsakiyarsu daidai idon mutum a tsaye. Tukwane da tangaran a ɗora su kan akwatin katako da aka yi wa fenti, a ba su tazara daga bango yadda mutum zai iya zagayawa ya ga baya. Yadudduka a rataye su a sanda su sauko, kada a ninke a tebur, domin sai ƙyalle ya zubo ake gane yadda zanen ke maimaituwa da inda rini ya kama da kyau. Masu zanen kwamfuta a buga musu aikinsu a takarda mai kauri, in kuma akwai mai motsi, a tanadi allo da batir ko janareta, don kada wuta ta ɗauke ana tsaka da nuni.

A gefen kowane aiki, a ajiye abin da ya gabace shi. Ku ɗauki ɗalibar da ta yi butar shayi ta tangaran. Kusa da butar a jera ƙananan faifan yumɓu da ta yi gwajin ruwan sheƙi a kansu, kowanne da lamba a bayansa: wannan ya yi kumfa, wancan ya zubo ya manne da ƙasan tanda, na gaba ya fito da launin toka maimakon kore. A sa butar farko wadda bakinta ya tsage a wurin gashi, da shafin littafinta inda ta zana mariƙi iri-iri kafin ta tsaya a kan guda. Uban da ya zo daga ƙauye, wanda a ransa yake ganin 'yarsa ta je jami'a ta ɓige da ginin tukwane, in ya tsaya gaban wannan tebur zai gane cewa ilimi ne aka yi, da awo da lissafi da haƙuri. Wannan fahimtar ta iyaye tana cikin manyan ribar da ake samu a ranar, domin ɗaliban wannan fanni da yawa suna karatu ne cikin tambayar "to me za ka zama da shi?"

Takardar bayani ta kasance gajera: sunan ɗalibi, aji, sunan aiki, kayan da aka yi amfani da su, shekara, kyautar da ya ci, da jimla biyu kan matsalar da aikin ya warware. A rubuta da Turanci da Hausa. A karanta sunan sau biyu kafin a buga, a kuma nuna wa mai shi. Idan akwai mai sana'ar da ya taimaka, kamar marinin Ƙofar Mata da ɗalibi ya koyi haɗa baba a wurinsa, ko masaƙin da ya ɗaura masa zare, a rubuta sunansa da yardarsa, a kuma gayyace shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta bai wa Ladi Kwali digirin girmamawa a 1977, matar da ta koyi ginin tukwane a gida kafin ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Abuja (garin Suleja na yanzu) a 1954, wadda hotonta ke bayan takardar naira ashirin. Girmama gwanin hannu ba baƙon abu ba ne a wannan fanni.

Mataki na bakwai: me za a bayar?

Kambun roba mai ruwan zinariya yana ƙarewa ne a saman kabad. Karatun zayyana kuwa yana cin kuɗi: takarda, fenti, zare, sinadaran rini, gas na tanda, kuɗin bugu. Saboda haka kyautar da ta fi amfani ita ce kayan aiki, ko kuɗin aikin ƙarshe, ko allon zane na kwamfuta, ko gurbin horo na wata uku a wani kamfani. Idan ana son abin tunawa, 'yan sashen su ƙera shi da kansu. Ba ya kyautuwa sashen zayyana ya je kasuwa sayen kambu.

Wajen neman kuɗi, a fara da tsofaffin ɗalibai, sai maɗaba'u da masu sayar da kayan zane da sashe ke hulɗa da su. Duk wanda ya yi alkawari a rubuta: nawa, shekara nawa, da sunan wa za a kira kyautar. Kuɗi ya bi ta asusun da jami'a ta sani, kada ya kwana a aljihun wani. Kuma kada a sanar da kyautar da ba ta zo hannu ba. Miƙa ambulan da babu komai a ciki don a ɗauki hoto, da alkawarin za a turo daga baya, yana zubar da mutuncin sashe fiye da rashin yin bikin gaba ɗaya.

Mataki na takwas: ranar taro

A taƙaita. Jawabi biyu sun isa. A sa lokacin da ba na jarrabawa ba, a aika wa iyaye gayyata da wuri saboda masu zuwa daga nesa. Kowane ɗalibi a karanta masa jimla uku da suka shafi aikinsa shi kaɗai, misali: "Wance ta zayyana kwalin dabino wanda ake haɗawa ba tare da gam ba, kuma yana buɗewa ya zama faranti." Wannan ya fi a ce haziƙa ce mai ƙwazo, kalmar da za a iya faɗa wa kowa. Sannan a ba shi minti biyu ya tsaya gefen aikinsa ya yi bayani. 'Yan aji ɗaya da na biyu su zauna a gaba.

Mataki na tara: takarda da rikodi

Bayan an watse, abin da zai bi ɗalibi shi ne takarda. A ba shi wasiƙa a kan takardar sashe mai tambari, da sa hannun shugaban sashe da hatimi, wadda ta faɗi sunan kyautar, da shekarar karatu, da ƙa'idar da aka bi, da yawan waɗanda suka fafata. "Na ɗaya cikin ɗalibai kaza" ya fi "gwarzon shekara" nauyi a idon masu tace takardu. A aika kwafi fayil ɗinsa da ofishin shugaban tsangaya. A ɗauki hotunan ayyukan da haske mai kyau a gaban farin bango, a ba shi manyan fayilolin don ya zuba a kundin ayyukansa.

Sashe kuma ya buɗe rajista ta dindindin, littafi mai bango da kwafi a kwamfuta, ya zama tana cikin abin da ake miƙa wa sabon shugaban sashe. A Zariya har yau ana ambaton Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, waɗanda suna ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, kuma ana iya yin hakan ne saboda ayyukansu da rubuce-rubucensu sun tsira. Idan za a riƙe aikin ɗalibi a ma'ajiyar sashe, a ba shi takardar shaida, a rubuta ko aro ne ko kyauta.

Mataki na goma: tallafi na gaba

Cikin makonni biyu da taron, a haɗa kowane ɗalibi da malami guda da zai duba masa kundin ayyuka da takardar tarihin karatu. Masu shirin digiri na biyu a waje su san sharuɗɗa da wuri: Chevening na Birtaniya yana neman aƙalla shekara biyu ta gogewar aiki, tallafin Commonwealth yana da hanyar nema ta hukumar tallafin karatu ta tarayya, DAAD kuma na Jamus ne. Makarantun zayyana galibi kundin ayyuka suke fara dubawa, don haka a zaɓi ayyuka kaɗan masu ƙarfi, kowanne da hotunan yadda aka faro shi. A nemi takardar sakamako tun kafin a buɗe shafin nema, saboda fitarta kan ɗauki lokaci, a kuma sanar da malaman da za su rubuta wasiƙar shaida aƙalla wata guda kafin ranar rufewa.

Waɗanda suka ci tallafi a bana kuma a roƙe su zama guda da 'yan ajin ƙasa da su, su nuna fom ɗin da suka cika, da irin tambayoyin da aka yi musu, da watan da aka buɗe nema. Sakataren ƙungiyar ɗalibai ya rubuta waɗannan watanni a kalanda guda, a manna ta a ƙofar situdiyo kafin a tafi hutu.